Ranar da Na Kai Goge Masallaci

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta samo mini aikin, ko da yake ba zan ɗora mata laifin abin da na yi da shi ba. 'Yar Filato ce, Kirista, tana zaune a Largo, kusa da birnin Washington na Amurka, da mijinta, amma a ɓangarenmu na Virginia take aiki, gidan wata tsohuwar Baturiya da take kula da ita. Shekaru na yi ina ɗaukarta daga tashar jirgin ƙasa ina kai ta gidajen marasa lafiya, har ta zama tana ce mini Baba, ina ce mata 'yata. Wata Laraba cikin watan Yuli ta kira ni.

"Baba, kana da aiki ranar Juma'a?"

"In kin ba ni, ina da shi. Mene ne?"

"Kaya za ka kai Washington. Amma ba irin jakunkunan filin jirgi ba ne da kake wurgawa a but kamar buhun masara."

"Yaushe na taɓa wurga kayan mutane?"

"Baba, a cikin motar nake zama fa."

Da hantsin Juma'a na isa gidan. Tsohuwar ta haura casa'in, tana zaune a keken guragu kusa da taga, robar iska a hancinta, idanunta kuwa tar kamar na kyanwa. A kan tebur akwai kwali, an cusa tawul ta kowane gefe, cikinsa faifan garmaho guda goma sha ɗaya a tsaye, kowanne a rigarsa ta takarda. Ita ta yi mini bayani da Turancinta, inda nawa Turancin ya tsaya 'yata ta cika mini da Hausa. Ni dai aji biyu na yi a firamare kafin tashar mota ta ɗauke ni, Turancina na hanya ne: dama, hagu, ina za ka.

Uban tsohuwar makaɗi ne. Goge yake yi, amma ba irin namu na ƙwarya da izgar doki ba. Nasu na katako ne mai tsirkiya huɗu, nasa kuma shi ne babban, wanda ake zama a kujera a tokare shi a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Su huɗu ne, shi da abokansa uku, kowa da gogensa, babu ganga, babu mawaƙi, balle mai rawa. Kiɗan ɗaki suke ce masa, mutane kaɗan su zauna su yi tsit kamar an zo gaisuwar mutuwa. Lokacin yaƙin duniya na biyu wani gidan rediyo ya ɗauke su suna kaɗa abin da wani Ba'amurke abokinsu ya tsara. Mutumin bai yi suna ba har ya mutu, takardun da ya rubuta kiɗan a kai kuma ruwa ya cinye su a ɗakin ƙasa. Wato duk duniya babu inda kiɗan nan ya rage sai cikin kwalin da ke gabana.

Faifan ba irin na kanti ba ne da ake bugawa da yawa. Kowanne shi kaɗai ne, a ranar aka yanka shi. Cikinsa gilashi ne, an shafe shi da wani baƙin abu kamar fenti, kuma a jikin fentin nan sautin yake. Tsufa ya sa ya fara tsattsagewa, yana fitar da wani farin gari kamar kanwa. Rabon tsohuwar da jin su tun tana budurwa. Yanzu an samo wani injiniya a unguwar Southwest ta Washington mai na'urar da za ta iya ɗebe sautin a hankali ta zuba a kwamfuta. Likitoci kuwa sun riga sun ce mata, abin da take so ta yi, ta yi shi kafin sanyi ya shigo.

Aka kira injiniyan a waya, aka buɗe murya don in ji da kunnena. Ya yi magana a hankali, irin wadda ake yi wa kurma. Ya ce a tsaye za su tafi. Ya ce zafi ne ajalinsu, kada in bar su cikin mota a kashe ko da na shan kofin shayi ne. Ya ce kada kowa ya taɓa fuskarsu, kada a share farin garin nan ko da auduga. Sannan ya ɗaga murya ya ce, ko wane ne ya roƙe ni, kada a ɗora su a garmaho na gida, domin allurar za ta kankare sautin tana tafiya, sau ɗaya, shi ke nan har abada.

Na ce, "Yas sa," sau wajen shida.

'Yata ta rako ni har mota. Na ɗaura wa kwalin bel a kujerar gaba kamar fasinja. Ta dafa ƙofa ta ce, "Baba, na ce mata a ƙasar nan ban san mai riƙon amana kamarka ba."

"Kin yi ƙarya a kaina, Allah ya yafe miki."

"Ba wasa nake yi ba."

"Na sani, 'yata."

To ga inda shaiɗan ya shigo. Tsohuwar ta ɓata lokaci tana duba faifan ɗaya bayan ɗaya ta cikin rigunansu, ban bar gidan ba sai sha biyu da rabi. Injiniya kuma ya ce ba ya wurin aikinsa sai uku da rabi. Ga Juma'a biyu a jere da suka wuce ni saboda ɗaukar fasinjan filin jirgi, kuma kowa ya san gargaɗin da malamai suke yi a kan ta uku. Ƙaramin masallacin da mutanenmu suke taruwa a Sterling bai fi minti goma daga nan ba. Rana kuwa ta ƙwalle, kwalta har wani yauƙi take yi. Barin kwali a mota bai taso ba. Na ce a raina, ai abu mai sauƙi ne: in shiga da shi, in ajiye a gefena a cikin sanyi, in yi sallata, in kama hanya.

Na manta da dokar ƙofa. Zamani ya zo da abin da ya zo da shi, ba a shiga masallaci da jaka ko kwali sai an buɗe an gani. Mai tsaron ƙofar wani Bazabarme ne mai ƙirar ƙarfi, ba ya dariya ranar Juma'a. A bencin kusa da ma'ajiyar takalma kuma dattawa ne a jere, a tsakiyarsu wani Alhaji mutumin Kumasi, ɗan kasuwar gwanjo, wanda yake bin gidajen da ake watsar da kaya yana tarawa yana aikawa gida a kwantena. Ni da shi kullum cikin tsokanar juna muke. Direba yake ce mini, ni kuma Alhajin gwanjo.

Sai na tsaya a nan in faɗi wani abu a kaina. A Jos, lokacin da gashina yake baƙi, babu gidan gogen da bai san takuna ba. Na yi rawa, na yi liƙi, na yi abin da ba zan rubuta ba. Kuma duk Bahaushe ya san abin da ake haɗa goge da shi: bori da matan bariki. Wata rana a wurin shan shayi bakina ya kufce na ba Alhaji wannan labari, shi kuwa ya adana shi kamar kayan gwanjo mai tsada, yana fito da shi duk sanda aka taru. Shekaru na yi ina wanke sunana. Kwanan nan ne aka fara matsa mini wuri a sahun gaba, har an taɓa sa ni cikin masu zuwa neman aure. Daɗin a ce maka dattijo, wanda bai taɓa zama ɗan iska ba ba zai san shi ba.

"Mene ne a ciki, Baba?" in ji mai tsaro.

Na buɗe kwalin. Ya leƙa.

"Faifai ne," na ce.

"Ei, Direba!" Alhaji ya taso yana gyara hula. "Faifan me? Ko tsohon ciwo ne ya tashi?"

Dattawa suka yi 'yar dariya. Idanu wajen takwas a kaina. Kalma ɗaya ce gaskiyar, kuma ita ce kalmar da ba zan iya furtawa a ƙofar masallaci ranar Juma'a ba. Ban yi shawara da kowa ba, bakina ya buɗe da kansa.

"Karatu ne," na ce. "Karatun wani babban malami na ƙasar Hausa, tun zamanin Turawa aka ɗauka. An ba ni in kai a gyara."

Dariya ta ɗauke. Mai tsaro ya janye hannunsa daga kwalin. Ya ce ya ga rubutun boko a jikin takardun, na ce ai Bature ne ya ɗauka, da me zai rubuta? Har na ji daɗin kaina a lokacin, Allah ya shirye ni. Na sunkuya zan ɗauki kayana, sai na ga hannun Alhaji ya riga ni.

"Subhanallahi! Karatun bayin Allah kake ajiyewa kusa da takalma? Kawo nan. Ofishin Liman za a kai shi."

"Alhaji, bar shi, a gefena zan..."

"A ƙasa? Inda ake tsallakawa? Direba, ka ji tsoron Allah."

Ya rungume kwalin a ƙirji. Na bi shi ina cewa a tsaye, Alhaji, a tsaye, ina jin ƙarar gilashi a cikin kaina duk takun da ya yi. Ya ɗora shi a kan teburin Liman, ya ja ƙofa ya kulle, ya jefa makulli a aljihu. Ofishin da sanyi, wannan kam na gode. Na ce wa kaina minti arba'in ne, a idar in karɓa in gudu.

Ranar har tsakiyar sahun gaba aka tura ni, wai mai ɗauke da karatun magabata. Liman, wani mutum mai sanyin hali da ba ya ɗaga murya, ya yi huɗuba a kan haƙƙin maƙwabta da masu toshe musu ƙofar gida da mota. Ban ji rabinta ba. Ina hango Alhaji a ƙarshen sahu yana raɗa wa na kusa da shi magana kafin a fara, shi ma ya juya ya raɗa wa wani. Gumi ya jiƙe mini riga a ɗakin da kowa yake jin sanyi.

Ana sallamewa na waiga. Wurin Alhaji wayam. Na yunƙura zan tashi, sai ga wani bawan Allah da ya makara ya miƙe daidai bayana yana cika raka'arsa. Dama wani ya ta da nafila, hagu ma haka. Ba a gitta gaban mai salla, ni kuma ga ni a sahun gaba kowa yana kallona. Mutumin nan na bayana, ban san wace sura ya ɗauko ba, amma na rantse ba gajera ba ce. Ya yi ruku'u kamar ya yi barci a can. Ina zaune ina jan carbi, ban san me nake faɗa ba.

Da na sami hanya, ban tsaya neman takalma ba. Ƙofar ofis a buɗe. Dattawa sun cika ɗakin, Liman yana zaune a kujerarsa. A kan tebur, kusa da kwalina, ga wani tsohon garmaho mai murfi, an riga an jona shi a wuta. Daga motar gwanjonsa Alhaji ya ɗauko, cikin kayan da za su Kumasi. Faifai ɗaya kuma yana hannunsa, tsirara, ba riga. Ya naɗe hannun babbar rigarsa yana share bakin faifan da shi.

"Alhaji, tsaya!"

"Ƙura ce ta yi masa yawa, Direba. Kai ko ɗan sharewa ba ka yi."

A kan kafet, kusa da ƙafarsa, na ga wani ɗan baƙin abu a lanƙwashe, kamar ƙanzon da aka ɓamɓaro daga gindin tukunya. A bakin faifan kuma, wurin da ya fito, gilashi yana ƙyalli.

Mai hankali a nan zai faɗi gaskiya. Ni sai na ƙara wata ƙaryar.

"Masu shi sun ce ba a saurarensa sai da alwala."

"Yanzu muka idar da salla," in ji Alhaji. "Wa ya karya tasa?"

"Wutar ƙasar nan ba ta yi masa. Na zamanin Ingila ne."

"Faifai ne ke shan wuta ko garmaho? Direba, wannan sana'ata ce, ba tuƙi ba ne."

"Ina sauri, ana jirana a Washington."

"Minti biyu. Aya ɗaya mu ji, mu sami albarka."

Ya ɗora faifan a kan garmaho. Sai wani tsoho mutumin Nijar, wanda ya girme mu duka, ba ya shiga hayaniyar kowa, ya matso da sandarsa ya kama hannuna. Idanunsa sun kawo ruwa. Ya ce kakansa ya yi karatu a wurin wani malami da ake cewa Turawa sun taɓa ɗaukar muryarsa, tun yana yaro yake jin labarin, bai taɓa zaton zai rayu ya ji ba. Ya ce, "Ɗana, ko ba shi ba ne, bari in ji irin muryarsu."

Ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin ba. Alhaji ya murɗa maɓalli. Faifan ya fara juyawa, farin garin yana zagayawa kamar gajimare. Ya ɗaga hannun allurar da yatsu biyu, ya ce bismillah, ya fara sauke shi. Ina ganin tsinin allurar. Ina ganin tsohuwar can bakin taga. Tsakanin allura da faifai bai fi kaurin ƙwayar shinkafa uku ba.

"Goge ne!"

Da ƙarfi na faɗa, har na waje suka ji. Hannun Alhaji ya tsaya a sama.

"Me ka ce?"

"Goge ne, Alhaji. Gogen Turawa. Babu malami, babu karatu. Ƙarya na yi. Don girman Allah ɗaga allurar nan, in ta taɓa shi ya mutu."

Ya ɗaga. Ya kashe garmaho. Faifan ya yi ta juyawa a hankali har ya tsaya. Na kwashe labari na faɗa musu, tsaye, ba takalmi: tsohuwar, ubanta, gilashin, zafin mota, Juma'a biyun da suka wuce ni.

"Wato," in ji Alhaji, a hankali, "ni ka sa na rungumi goge a ƙirjina, na ratsa masallaci da shi, na ɗora a teburin Liman."

"Na ce ka bari."

"Ka ce karatu ne!"

Liman ya ɗaga hannu. Ya dube ni ya ce, "Amana ce aka ba ka?"

"Amana ce, Malam."

"Da ka faɗi haka a ƙofa, da mun sami inda za mu ajiye maka. Ɗauki ka kai wa masu ita. Maganar abin da ka gaya wa mutane kuma, ka zo ka same ni cikin mako."

Ni na mayar da faifan rigarsa, ina riƙe da shi ta gefe-gefe kamar yadda na ga tsohuwar ta yi. Na durƙusa na tsinci ɓawon da ya faɗi, na roƙi ambulan a wurin Liman na saka. Da zan fita na tsaya gaban tsohon nan na Nijar na ce ya yafe mini. Ya share idonsa da gefen rawani, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma bango yake kallo. Zagin Alhaji da ya biyo ni har wurin takalma bai yi mini ciwon wannan ba.

Hanyar Washington ranar Juma'a da rana ba sai na faɗa ba. Muka yi ta jan ciki har gadar kogin Potomac, hannuna ɗaya a sitiyari ɗaya a kan kwali, sanyin mota na ƙure shi har yatsuna suka sandare. Tun daga Sterling nake shirya abin da zan ce: haka na gan shi, tsufa ne, ai kai ma ka san suna tsattsagewa. Wa zai ƙaryata ni? Injiniyan bai taɓa ganin faifan ba.

Wani siririn mutum ne mai furfura, a wani ɗaki marar taga a bayan dogayen gine-ginen gwamnati. Ya sa safar hannu, ya zaro su ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin fitila. Da ya zo kan wancan ya daɗe. Ya kawo gilashin ƙara girma ya duba, sannan ya zaro wani ɗan zare fari daga bakin wurin da ya ɓare, ya ɗaga shi a haske. Zaren shaddar Alhaji ne.

Na miƙa masa ambulan. Ƙaryar da na yi ta gyarawa tun daga gada ban ma fito da ita ba.

Ya ce sauran goma lafiyarsu ƙalau. Wannan ma yawancinsa zai fita. Amma faifai daga baki yake farawa, kuma wannan shi ne na farko a jerin: buɗewar kiɗan ce ta tafi, kamar tsawon numfashi huɗu ko biyar. Ɓawon ya murmushe da yawa, ba zai koma ba. Ya ce, "Ni zan gaya mata, ko kai?"

A mota na kira 'yata. Ta saurara har na gama.

"Baba, a masallaci?"

"A ofishin Liman."

"Ni da ba na rantsuwa, sai da na rantse mata a kanka."

"Ni zan gaya mata da bakina."

"Da wa zai gaya mata?" Ta kashe.

Bayan mako uku aka ce in zo. Tsohuwar ta ƙara ramewa, yanzu a gado take, an tokare ta da matasai. Injiniya ya aiko da sautin, 'yata ta haɗa kwamfuta da wata 'yar lasifika a kan durowa, amma tsohuwar ta hana a kunna sai na iso. Na cire hula na tsaya a ƙarshen gado na faɗi komai, 'yata tana juya mata, ba ta rage ko ɗaya ba, har da maganar alwala.

Tsohuwar ta dube ni. Ta ce, "Wato sun ɗauka ubana waliyyi ne?"

Na ce haka ne.

"Mutumin da ko ɗaurin aurena sai da aka ja shi zuwa coci." Wani abu kamar dariya ya taso mata ya koma tari. Da ya lafa ta ce a kunna.

Da farko ƙara ce kamar ana suya. Sai kiɗa ya faɗo a tsakiya, ba sallama, kamar ka tura ƙofa ka tarar ana cikin magana. Ta ɗaga hannu, 'yata ta tsayar. Ta rufe ido. Can sai na ji wata siririyar murya tana fita ta hancinta, tana hawa a hankali, ta sauka, ta sake hawa. Buɗewar ce take rerawa. Ta ce a ƙarƙashin teburin cin abinci take ɓuya tana yarinya in suna gwaji, ta ji wurin nan ya fi a ƙirga, domin a nan ubanta yake shiga shi kaɗai kafin sauran su bi shi, kuma kullum sai sun yi gardama a kansa. Ta rera, ta yi wa 'yata alama da yatsa ta danna. Bai haɗu ba, ta riga shi. Aka sake. Numfashinta ya yanke a tsakiya. A na uku muryarta ta ƙare daidai inda gogen ya kama, kamar an miƙa masa kaya ya karɓa.

Ni da na tashi a gidan goge, na yi ta jiran ganga ta shigo, ba ta shigo ba. Su huɗu ne suke zance. Ƙananan biyu suna katse juna kamar 'yan uwa, na tsakiya yana ba su haƙuri, babban yana can ƙasa, muryar namiji a ɗakin da ke kusa, ba ka jin me yake faɗa amma ka san mai gida yana nan. A wani wuri suka rikice gaba ɗaya kamar kowa ya ɓata hanya, na ce to an yi kuskure, ashe haka mai shi ya tsara. Tsohuwar tana kwance, yatsun hannunta na hagu suna tafiya a kan bargo.

Da faifan ya ƙare, na yi ƙarfin hali na ce wa 'yata ta tambaye ta, ko za ta sake rera wurin a ɗauka a waya, injiniya ya manna a farkon.

"A'a," in ji tsohuwar, ba ta ko jira a gama juya mata ba. "Wannan muryata ce. Hannunsa nake so a ji, shi kuwa ya tafi. In na mutu wurin nan ya mutu. Ka sani, ka riƙe."

Na ce na sani. Na fara lalubar hulata zan yi sallama.

"Ina za ka?" Ta nuna kujerar da ke jikin bango. "Saura goma."

Na zauna. 'Yata ta danna na biyu, ba ta dube ni ba. Ƙaiƙayi ya taso mini a maƙogwaro tun daga farkonsa, na danne shi, na yi ta haɗiye yawu har hawaye suka zubo mini, don kada in yi tari a kan ko numfashi ɗaya na abin da ya rage.